Kwalaben Kawu da maganin likita: shin aikinsu ɗaya ne?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da wannan wasiƙa, na taƙaita ta kaɗan:

"Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, shekarunta 56. Shekara biyu da suka wuce aka gano tana da sankarar bakin mahaifa. Aka yi mata gashin ƙari da na'ura, da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ta samu sauƙi har ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli. Bana tari ya matsa mata, aka ɗauki hoto, aka ce ciwon ya dawo, har ya kai huhu. Likita ya ce akwai wani sabon magani da ake haɗawa da kemo, wai yana tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, sai dai kowane zagaye miliyoyin naira ne. Yayanmu ya ce a sayar da gonar gado. Kawu kuwa ya zo da kwalabe uku na maganin ƙara garkuwa, ya ce ai abin da likitan yake nufi ke nan, a banza za mu zubar da dukiya. Gwaggo kuma ta ce da ma rashin kula da abincinta ne ya karya mata garkuwa, ni ce kuwa nake zaune da ita. Na rasa wanda zan bi, kuma maganar Gwaggo ta hana ni barci."

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan jinyar da kike yi.

Da maganar Gwaggo zan fara, tun da ita ce take hana ki barci. Ba daidai ba ce. Kusan duk sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haddasa ta, kuma takan ɗauki shekara goma, ashirin, wani lokaci fiye, daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo. Wato tun kina goye, ko ma kafin a haife ki, abin yana iya kasancewa ya fara. Tuwon da kika tuƙa mata bara ba shi da hannu a ciki. Gwaggo tsoro ne yake cin ta, 'yar'uwarta ce a kwance, kuma mai jin tsoro yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ki yi mata uzuri, amma kada ki ɗauki kayan.

Yanzu ga abin da ya raba Kawu da likita. Dukansu sun ambaci garkuwa, shi ya sa kunne yake jin kamar magana ɗaya ce. Kawu yana ganin garkuwar Inna ta ƙare ne, kamar man fitila, sai a ƙara. To amma idan aka yanko ɗan naman ƙari aka sa shi a madubin likita, sau da yawa abin da ake gani yana ba da mamaki: ga mayaƙan jiki nan, fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, sun zo har bakin ƙarin, wasu ma sun shige ciki, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa da abin da ya kamata su kashe. Sun zo, sun gani, sun yi cirko-cirko. Ba yunwa ce ta tsayar da su ba. Umarni aka ba su cewa su dakata, kuma suka bi.

Bari in faɗa miki yadda umarnin yake isa gare su, don nan ne gaɓar maganar take.

Kin san yadda ake sallama a gidan gargajiya. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida. A zaure yake tsayawa, ya yi magana da yaro, yaro ya ruga ya gaya wa na tsakar gida, wannan ya isar ga maigida a turakarsa, shi kuma ya yanke abin da za a yi. Kowace ƙwayar halitta haka take. A jikin fatarta akwai ƙananan ƙofofi na furotin, rabin kowace ƙofa yana waje, jelarta tana ciki. Idan wani abu ya taɓa ƙofar daga waje, sai jelar ta motsa, ta liƙa wa wani furotin ɗan guntun sinadari da ake kira fosfet, wannan ya liƙa wa na gaba, haka saƙo yake tafiya hannu da hannu har ya kai cibiyar ƙwayar, inda kundin umarninta yake. Daga can ne hukunci yake fitowa: ki hayayyafa, ki kai hari, ki kwanta, ko ki mutu.

Ƙwayar T ba ta kai hari da saƙo ɗaya. Ƙofa ta farko ita ce wadda take gane baƙuwar fuska, misali guntun furotin na HPV da ƙwayar sankara take ɗauke da shi a bayanta. Wannan ganewa kaɗai ba ta isa ba. Sai an taɓa ƙofa ta biyu, mai suna CD28, wadda take daidai da izinin mai unguwa ga 'yan sintiri: e, mun tabbatar ɓarawo ne, ku kama. Sannan akwai ƙofofin da aikinsu shi ne tsawatarwa. Biyu daga cikinsu sun fi shahara, CTLA-4 da PD-1. Ta farko tana yin aikinta tun a sansani, a cikin kaluluwa, inda take ƙwace izinin kafin ya kai ga CD28. Ta biyun kuma a fagen daga take aiki. Idan aka taɓa PD-1, sai jelarta ta kira wani furotin mai suna SHP-2, shi kuwa sana'arsa ita ce cire fosfet ɗin da aka liƙa. Wato yaron da aka aika daga zaure, an tare shi a soro na biyu, an karɓe saƙon. Maigida bai ma ji an yi sallama ba.

Kada ki ɗauka waɗannan ƙofofin tsawatarwa aibi ne a halitta. Rahama ne. 'Yan sintirin da ba su da mai ce musu bari, wata rana ɗan maigida za su jibga. Ɓerayen da masana suka cire wa CTLA-4 gaba ɗaya, cikin 'yan makonni da haihuwa suke mutuwa, garkuwarsu ce take cinye su da kanta.

Abin da sankara take yi shi ne, ta koyi kalmar da ake faɗa a tsayar da sintiri. Tana fito da wani furotin mai suna PD-L1 a fatarta, shi ne yake taɓa ƙofar PD-1. Kura ce da fatar akuya. Wani abin takaici ma, mayaƙan da kansu ne sukan koya mata. Idan ƙwayar T ta fara faɗa, tana fesa wani sinadarin gangami da ake kira intaferon gama. Ƙwayar sankara tana da ƙofar da take jin wannan gangami, saƙon ya bi wata hanya da masana suke kira JAK da STAT ya kai cibiyarta, ita kuma ta amsa da ƙara fito da PD-L1. Yawan ihun da aka yi mata, yawan layar da take ɗaurawa. Idan aka daɗe a haka, ƙwayoyin T sukan gaji, su zama suna nan kamar ba sa nan.

Kuma da ɗan gari akan ci gari. Ƙari yana fesa wasu sinadarai, irin su TGF-beta, da suke jawo wani rukuni na ƙwayoyin T waɗanda aikinsu da ma shi ne raba faɗa, su zo su kewaye shi. Manyan ƙwayoyin nan masu haɗiye datti, waɗanda ya kamata su cinye shi, yakan juya musu tunani har su koma suna taya shi shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini. Yana shanye sukarin wurin, ya bar tsami, mayaƙan su rasa kuzari. Wannan kuwa ki riƙe shi, don zai dawo idan muka zo maganar gona.

To, mece ce a cikin kwalaben Kawu da za ta shiga tsakanin PD-1 da PD-L1? Ko zogale ne, ko habbatus sauda, ko zuma, ko irin na kamfanonin nan da ake tallarsu a WhatsApp da hoton mutumin da wai ya warke, babu ɗaya daga cikinsu da aka gwada a kan masu sankara aka ga yana kwance wannan ƙulli. A ce ma sun ƙara yawan mayaƙan, sababbin za su iso bakin ƙarin ne a gaya musu kalmar da aka gaya wa na farko. Ban hana Inna miyar zogale ba, abinci ne mai kyau, kuma mai shan kemo tana buƙatar ta ci ta ƙoshi. Amma abinci daban, magani daban.

Maganin da likita yake nufi, a irin ciwon Inna, galibi shi ne wanda ake kira pembrolizumab. Furotin ne da aka ƙera don ya je ya zauna daram a kan ƙofar PD-1, ya toshe ta, ta yadda ko sankara ta miƙo PD-L1 ba za ta samu wurin taɓawa ba. Shi kansa ba ya kashe ko ƙwaya ɗaya ta ciwon. Kunnen mayaƙan yake toshewa daga jin "ku dakata".

Tarihinsa ba dogo ba ne. Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano PD-1 a Jami'ar Kiyoto a 1992. A Amurka kuma James Allison ya nuna a 1996 cewa idan aka toshe CTLA-4 a jikin ɓeraye, ƙarinsu yana narkewa. Maganin farko na wannan iri ya samu izini a Amurka a 2011, pembrolizumab ya biyo baya a 2014, Honjo da Allison kuma suka raba lambar yabo ta Nobel a 2018. Labarin da masu tallar maganin suka fi so shi ne na tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter: a 2015, yana da shekara 90, sankarar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata da gashi, aka ba shi wannan magani, ya rayu har ya cika shekara 100, ya rasu a ƙarshen 2024. Gaskiya ne hakan ya faru. Amma nasa ciwon yana cikin waɗanda suka fi jin wannan magani, kuma ba kowa ne Carter ba.

Ga abin da aka gani a irin ciwon Inna, kuma ina so ki karanta wa Yaya wannan sakin layi da bakinki. Da aka ba da maganin shi kaɗai ga matan da ciwonsu ya dawo bayan kemo, ƙarin ya ragu sosai a jikin mace kusan 14 cikin 100. Daga baya aka yi babban gwaji da mata 617, aka raba su biyu, wasu kemo da maganin, wasu kemo ba tare da shi ba. A cikin waɗanda ƙarinsu yake ɗauke da PD-L1, rabin waɗanda aka haɗa wa maganin sun haura wata 28 a raye, a ɗaya ɓangaren kuwa rabin sun haura wata 16 ne da 'yan kai. Bambancin ya kai kusan shekara guda. Shekara guda da uwa ba ƙaramin abu ba ne, ni ba zan raina ta ba. Amma ba warkewa aka yi alkawari ba. Wasu matan sun daɗe ƙwarai fiye da haka, wasu kuma maganin bai yi musu komai ba, saboda PD-1 ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofin da na lissafa miki. Idan ƙarin Inna da 'yan gari ya dogara, ko ya ɓoye fuskarsa gaba ɗaya har ƙofar farko ba ta gane shi, to an toshe wata hanya ne alhali ta wata ɓarawon yake shiga.

Shi ya sa nake ganin sayar da gona yau cinikin biri a sama ne. Ban ce kada a sayar ba har abada. Na ce ba yau ba.

Lokacin da aka fara gano ciwon, an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Wannan naman ba a zubar da shi. Ana dasa shi a cikin ɗan dunƙulen kakin kyandir, bai kai kwalin ashana ba, da lamba rubuce a gefensa, a ajiye a durowa shekara da shekaru. Ki nemo takardar sakamakon farko, lambar tana jiki, ki je ki nemi a ba ki dunƙulen ko a aika da shi inda ake gwajin PD-L1. Sakamakon yakan zo da wata lamba da ake kira CPS, kuma a sankarar bakin mahaifa daga 1 zuwa sama ake nema. Kuɗin wannan gwaji ko kusa bai kai na zagaye ɗaya ba. Idan ya fito babu, an huta da gardamar gona. Idan ya fito akwai, kada murna ta yi yawa, domin a wancan babban gwaji kusan mata tara cikin goma sun fito da akwai. Ƙofa ya buɗe, bai ce an iso ba.

Sannan ku zauna da likitan, ke da Yaya, da biro da takarda. Ana ba da maganin ta ƙarin ruwa, minti talatin, duk bayan mako uku, kuma tsarin da aka gwada shi da shi yana iya kaiwa zagaye 35, wato shekara biyu. A Amurka farashin zagaye ɗaya ya haura dala 10,000. Ku tambaye shi kai tsaye: kuɗin gonar zagaye nawa zai saya? Idan huɗu ne kawai, me yake tsammani daga huɗun? Bayan zagaye nawa za a sake hoto a san ko yana aiki? Idan muka tsaya a kemo kaɗai, me muka rasa? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Abin da na fi tsoro shi ne a sayar da gona, a yi zagaye uku, kuɗi su ƙare, a rasa na kemo, na ƙarin jini, na maganin ciwo, har da na mota zuwa asibiti. Na ga gidan da haka ta faru, kuma abin da ya fi ci musu rai daga baya shi ne watannin ƙarshe da mahaifinsu ya yi cikin raɗaɗi don ba a bar komai a hannu ba.

Ki leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ki tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda sankarar bakin mahaifa take cikin cututtukan da ya shafa. Ko bai ɗauki wannan magani ba, idan ya rage nauyin kemo an samu sarari. Kuma duk wanda ya ce zai samo muku maganin da araha ta bayan fage, ku guje shi. Abu ne da ake ajiyewa a firji tun daga masana'anta har zuwa jijiyar mara lafiya, kuma magani mai tsada irin wannan shi 'yan jabu suka fi so.

Idan har aka fara, to ke ce idon likita a gida. Tun da an cire wa sintiri mai tsawatarwa, wani lokaci sukan juya kan 'yan gida: hanji, huhu, hanta, fata, ko maƙoƙon wuya da yake daidaita kuzarin jiki. Gudawa da ta wuce sau uku ko huɗu a yini, sabon tari ko numfashi sama-sama, ido ya yi rawaya, ƙuraje, kasala mai tsanani, ƙishirwa da yawan fitsari, duk ba na jira zuwa ranar asibiti ba ne. Kuma kada a je kemis a sayo maganin tsayar da gudawa a yi shiru. Wannan gudawar ba ta gurɓataccen abinci ba ce, garkuwa ce take cin hanji, kuma maganinta na daban ne. Tana iya zuwa ko bayan an daina shan maganin da watanni. Kafin a fara ma, ki tabbatar an duba Inna ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, ki kuma gaya wa likita idan tana da wani tsohon ciwo na gaɓoɓi ko na fata.

A nan ne kwalaben Kawu suke tashi daga abin da ba ya amfani su koma abin da zai iya cutarwa. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ba ki san me hantar Inna take fama da shi ba, ga kemo kuma yana bi ta nan. Idan gwajin hanta ya tashi, likita ba zai san ko maganinsa ne ko na Kawu ba, yana iya dakatar da magani na miliyoyi saboda kwalbar dubu biyu. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da sinadarin sitiroyid a ɓoye a ciki, irin wanda wasu mata suke sha don su yi ƙiba. Yana sa mutum ya ji ƙarfi, ya ci abinci, kumatu su ciko, kowa ya ce magani ya karɓe ta. Aikinsa na ainihi kuwa shi ne kwantar da ƙwayoyin T, har ma shi likitoci suke bayarwa idan garkuwa ta yi wa mutum yawa. Ki duba fa: a sayi magani don a tayar da mayaƙa, a bi shi da wanda zai kwantar da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zuba kwalaben uku a leda ki kai wa likita ya gani, ko da Inna ta riga ta fara sha.

Kawu kuma kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ƙanwarsa ce ko yayarsa, kuma da kuɗinsa ya sayo. Ki ce masa, Kawu, likita ya ce a dakata da komai sai an gama gwaji, amma yana so ya ga babba daga cikin dangi. Ki tafi da shi ranar asibiti. Dattijo idan aka ba shi kujera a inda ake yanke shawara, ba kasafai yake komawa ya yi yaƙi da ita a gida ba. Idan yana son ya taimaka, ga kuɗin gwajin nan, ga ƙwai da kifi da madara, ga zaman jinya da zai ba ki damar runtsawa.

Ke da 'yan'uwanki mata, ku je a duba bakin mahaifarku ko ba ku jin komai. 'Ya'yanku mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin HPV, wanda Nijeriya ta sa cikin jerin rigakafinta tun watan Oktoban 2023, kyauta.

Akwai mutum ɗaya da ban ji muryarta a wasiƙarki ba. Na ji Yaya, na ji Kawu, na ji Gwaggo, na ji likita. Inna fa? Shekarunta 56, da hankalinta, mace ce da ta riƙe sana'a, ta san lissafin riba da faɗuwa fiye da yawancinmu, kuma tana da haƙƙi a gonar nan. Mun saba ɓoye wa mara lafiya gaskiya da sunan tausayi, alhali ita ta fi kowa sanin abin da jikinta yake gaya mata. Wata uwar za ta ce a gwada ko da zagaye nawa ne, tana so ta ga auren autarta. Wata za ta ce kada a taɓa gonar marayu saboda ita, a ba ta abin da zai rage mata ciwo ta zauna a ɗakinta cikin jikokinta. Dukansu amsoshi ne na masu hankali. Ki zaɓi dare bayan isha'i, lokacin da baƙi suka watse, ki zauna a bakin gadonta, ki gaya mata abin da likita ya ce da lambobin da na ba ki, a hankali, gwargwadon yadda take son ji. Sai ki yi shiru ki saurare ta.